Hanyar da Babu Gidan Mai

Tsakanin filin jirgin sama na Mataveri da ke tsibirin Rapa Nui na ƙasar Chile, da filin Faa'a na Tahiti, akwai tazarar kimanin kilomita 4,250. Ta ɗara nisan Kano zuwa Jidda da wajen kilomita 800. Ƙasan jirgin da ke bin wannan hanya kuwa ruwan tekun Pasifik ne zalla, sai ɗan tsibiri can ba a rasa ba. Filin da ya fi kusa da Mataveri shi ne na Totegegie a tsibiran Gambier, shi ma kilomita 2,600 ne, kuma ya yi wa manyan jirage ƙanƙanta.

Duk direban da ya saba bin hanyar dajin da babu gidan mai, babu mai faci, ya san irin wannan lissafi. Tun a tasha zai cika tanki har ya tumbatsa, ya ɗaure jarkar mai a but da igiyar roba, ya danna safaya da babban yatsa ya ji ko da iska. Fasinja na ta hira, shi kuwa idonsa na kan allurar mai, don ya san akwai wata kuka ko wata gada a tsakiyar hanya wadda in ya wuce ta, abin da ya rage a tanki ba zai mai da shi gida ba. Daga nan sai gaba, ko mene ne ke jira a can.

Matuƙin jirgin Rapa Nui ma yana da tasa kukar, sai dai a taswira take. Ko daga Santiago ya taso, tafiyar kilomita 3,700 da 'yan kai ce, awa biyar da ɗoriya. Titin sauka ɗaya tak tsibirin ke da shi. In wani jirgi ya lalace a kansa ya tare hanya, na bayansa ba shi da inda zai nufa. Saboda haka hukumomin Chile suka sa ƙa'ida: in jirgi ya wuce inda ba ya iya juyawa, ba a barin wani ya biyo shi ya wuce wannan iyaka sai na farko ya sauka lafiya. Wannan ƙa'ida tana burge ni ƙwarai, don an yarda a yi asarar lokaci da kuɗi saboda ran mutanen da ke sama.

Titin kansa a 1987 aka tsawaita shi ya wuce kilomita 3, da kuɗin Amurka, don kumbon hukumar sararin samaniya ta NASA ya sami wurin saukar gaggawa. Kumbo bai taɓa sauka ba, amma manyan jiragen fasinja sun amfana.

Mutum kusan 8,000 ne ke zaune a tsibirin, kuma wannan titi shi ne ƙofarsu: ta nan kayan abinci da magani ke zuwa, ta nan ake fita da majinyacin da ciwonsa ya fi ƙarfin asibitin garin Hanga Roa. Da annobar korona ta sa aka rufe tsibirin ga baƙi a Maris na 2020, jirgin da ke zuwa daga Tahiti ya tsaya, masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa har zuwa Agusta na 2022. Da yawa daga mutanen garin sai suka koma lambu da kamun kifi.