Abin da Ke Sa Kamfanonin Wasannin Bidiyo Juya wa Wata Na'ura Baya

Duk ɗalibin da ya taɓa leƙa gidan wasan bidiyo ya san cewa akwatin da ake haɗawa da talabijin ba shi da amfani idan babu wasa a cikinsa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, yawancin wasannin ba kamfanin da ya ƙera akwatin ne yake yin su ba. Sony ne ke ƙera PlayStation, amma wasan ƙwallon ƙafar da ya tara samari a gabanta aikin Konami ne ko Electronic Arts. Irin waɗannan su ne za mu kira kamfanonin gefe, wato masu shirya wasa su buga shi don ya yi aiki a kan na'urar wani. Tambayar da wannan maƙala za ta amsa ita ce: me ke sa su ƙaurace wa wata na'ura, alhali kuwa ƙarin na'ura ƙarin kasuwa ne?

Na'ura kasuwa ce

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar al'amarin ita ce a ɗauki na'urar a matsayin kasuwa, kamfanin da ya ƙera ta kuma a matsayin sarkin kasuwa. Shi ne mai ba da rumfa, shi ne mai kafa doka, kuma yana karɓar la'ada a kan kowane wasa da aka sayar. Sau da yawa ribar da yake samu a kan na'urar kanta kaɗan ce, wani lokaci ma faɗuwa yake yi, yana dogaro da wannan la'ada. 'Yan kasuwa ba sa kai haja inda babu masu saye, masu saye kuma ba sa zuwa inda babu haja. Masana tattalin arziki suna kiran wannan kasuwa mai fuska biyu, kuma Jean Tirole na Faransa, wanda ya sami lambar Nobel a 2014, yana cikin waɗanda suka yi fice wajen nazarinta.

Wannan tsari yana da asali. A 1979 wasu ma'aikatan Atari suka fice suka kafa Activision, kamfanin gefe na farko a harkar. Wasu da dama suka bi sahu, wasanni marasa inganci suka cika kantuna, har kasuwar ta durƙushe a Amurka a 1983. Da Nintendo ya shigo da na'urarsa NES a 1985, sai ya sa mata wani ɗan makulli na lantarki da ke ƙin karɓar wasan da ba shi da lasin, ya kuma taƙaita wa kowane kamfani wasa biyar a shekara. Kamfanoni suka haƙura domin a lokacin babu wata kasuwa mai girman tasa. Sai dai wanda ya zauna bisa dole yakan tashi da zarar ya ga ƙofa.

Dalili na farko: tsada da ƙuncin mazubi

Ƙofar ta buɗe a tsakiyar shekarun 1990. Nintendo 64, wadda ta fito a 1996, ta ci gaba da amfani da katirij, abin da yara suka fi sani da kaset. Mafi girmansa megabait 64 yake ɗauka. PlayStation kuwa faifan CD take karantawa, wanda ke ɗaukar kimanin megabait 650, wato fiye da ninki goma. Ga shi faifai yana da arha kuma ana buga shi cikin kwanaki, katirij kuwa yana da tsada, sai an yi oda an biya tun da wuri, a jira makonni. Idan wasa bai karɓu ba, kamfanin gefe ne ke kwana da asarar kayan da suka yi kwantai.

Kamfanin Square na Japan, wanda ya daɗe yana buga jerin wasannin Final Fantasy a na'urorin Nintendo, ya duba wannan ya sauya sheƙa. A 1997 ya fitar da kashi na bakwai a kan PlayStation, cikin faifai uku. Enix ma ya kai Dragon Quest na bakwai can a 2000. A ƙarshe an sayar da Nintendo 64 kimanin miliyan 33, PlayStation kuwa ta haura miliyan 100.

Dalili na biyu: wahalar aiki

Kowace na'ura tana da irin ƙwaƙwalwarta, kuma wasan da aka rubuta wa wannan ba ya aiki a kan waccan sai an sake masa zubi. Wannan aiki yana cin watanni da albashin ƙwararru. Saturn ta kamfanin Sega tana da manyan ƙwaƙwalwa biyu masu aiki tare, kuma masu rubuta wasa da yawa sun sha wuya wajen raba musu aiki. Haka nan Wii U ta Nintendo, wadda ta fito a 2012: shekara guda bayan haka PlayStation 4 da Xbox One suka zo da ƙira irin ta kwamfutar tebur, suka kuma fi ta ƙarfi. Wasa ɗaya yakan hau waɗannan biyun da kwamfuta ba tare da wahala mai yawa ba, amma Wii U sai an yi mata ɗinki na musamman.

Dalili na uku: lissafi

Bari mu yi ɗan lissafi, da alƙaluman da muka ƙaddara don misali kawai. A ce mayar da wasa kan wata na'ura zai ci dala miliyan 2, ribar kowane kwafi kuma dala 10 ce. Sai an sayar da kwafi 200,000 kafin uwar kuɗi ta dawo. Idan mutum ɗaya cikin kowane 100 na masu na'urar ne zai saya, to ana bukatar na'ura miliyan 20 a hannun jama'a. In miliyan 5 ce kacal, kamfanin zai sayar da kwafi 50,000, ya yi asarar dala miliyan ɗaya da rabi. Mai karatu zai lura cewa ingancin na'urar bai shigo cikin wannan lissafi ba ko kaɗan.

Abin da ya sami Wii U ke nan. Wii da ta gabace ta ta haura miliyan 100, ita kuwa tsawon rayuwarta miliyan 13 da rabi aka sayar. A farkon 2013 Ubisoft ya ɗage fitar da Rayman Legends, wanda da ita kaɗai aka yi wa alkawari, domin ya fito a kan wasu na'urori ma. A watan Mayu na shekarar Electronic Arts ya bayyana cewa babu wani wasa da yake shirya mata.

Dalili na huɗu: yarda da kishi

Shirya babban wasa yakan ɗauki shekara biyu ko fiye, saboda haka kamfanin gefe yana zuba kuɗinsa ne bisa amana. A watan Mayu na 1995 Sega ya fitar da Saturn a Amurka ba zato, watanni kafin ranar da ya sanar, a kan dala 399. Masu wasanni ba su shirya ba, Sony kuma ya sanar da cewa tasa dala 299 ce. Ba a jima ba Sega ya saki Saturn ya koma kan Dreamcast, wadda ta isa Amurka a 1999. Electronic Arts, mai riƙe da manyan wasannin motsa jiki, bai buga mata ko wasa ɗaya ba. Akwai kuma kishi a ciki, domin Sega yana yin nasa wasannin motsa jikin. Sarkin kasuwar da ya buɗe rumfa yana sayar da irin hajarka ya zama abokin hamayya. Irin wannan ƙorafi ya daɗe yana bin Nintendo, saboda masu na'urorinsa sukan fara sayen Mario da Zelda kafin su waiwayi na wani.

Yadda gudu ke haifar da gudu

Babban haɗarin shi ne, janyewar kamfani ɗaya takan jawo ta sauran. Mai son wasan ƙwallo ya ji babu shi a wata na'ura, sai ya sayi wata. Ciniki ya ragu, lissafin kamfani na biyu ya lalace, shi ma ya tattara. Ta haka hasashen faɗuwa yake zama sanadin faɗuwar. A watan Maris na 2001 Sega ya daina ƙera Dreamcast, ya bar sana'ar ƙera na'ura, ya koma buga wasanninsa a kan na'urorin tsofaffin abokan hamayyarsa. Sarkin kasuwa ya zama ɗan rumfa.

Amma ƙafar da ta fita takan dawo. Nintendo ya dakatar da Wii U a farkon 2017, ya fitar da Switch a watan Maris na shekarar. Duk da cewa ba ta kai takwarorinta ƙarfi ba, ta haura miliyan 100, kuma kamfanonin da suka guji Wii U suka dawo da hajarsu.

Kammalawa

Darasin da ɗalibin kimiyya zai ɗauka shi ne, ƙirƙira ba ta tsayawa da ƙafar fasaha kaɗai. Tsadar mazubi, sauƙin aiki, yawan masu saye da riƙon amana, su ne ke yanke wa na'ura hukunci. Malamai na iya gwada wannan a aji: a ba ɗalibai lissafin da ke sama, a riƙa sauya riba ko yawan na'urori, su gano da kansu gaɓar da kamfani zai ce a kai kasuwa.