Wasuwasi a ma'aunin masu bincike: abin da ya sauya tun 1978

An daɗe likitocin ƙwaƙwalwa na kallon mugun tunanin da ke faɗo wa mutum ba da son ransa ba a matsayin alamar ciwo. Mutum na tsaye bakin titi zuciya ta raya masa ya faɗa gaban mota. Uwa na riƙe da jariri ta ga kamar za ta sake shi ƙasa. A 1978 Stanley Rachman da Padmal de Silva suka tambayi lafiyayyun mutane a Ingila ko irin wannan na zo musu. Kimanin kashi 80 cikin ɗari suka amsa da e. Da aka miƙa wa ƙwararru jerin tunane-tunanen, sai da suka sha wuya wajen ware na majinyata daga na masu lafiya. A 2014 ayarin Adam Radomsky na Jami'ar Concordia a Kanada ya faɗaɗa aikin zuwa ɗalibai 777 a ƙasashe 13, aka sami kusan kashi 94. Kokwanto ne ya fi yawa, irin su na kulle ƙofa ko ban kulle ba.

Sakamakon 1978 ne ya juya akalar binciken. In kusan kowa na da shi, me ya sa kimanin mutum 2 cikin ɗari kaɗai ke kamuwa da ciwon wasuwasi mai tsanani, wanda likitoci ke kira OCD? Amsar da Paul Salkovskis ya bayar a 1985 har yau ita ke jan ragama: fassarar da mutum ya yi wa tunanin ce ke kama shi. Wanda ya ce shirme ne, ya wuce abinsa. Wanda ya ɗauka tunanin ya tona ainihin halinsa, ko kuma alhakin hana wata masifa na wuyansa, sai ya shiga dube-dube da wanke-wanke da neman a tabbatar masa. Kowace maimaitawa na ba shi sauƙi na ɗan lokaci, sannan ta ƙara ɗaure shi. A 1987 Daniel Wegner ya ƙara hujja a Amurka: mutanen da aka hana su tuna wata farar dabba ta ƙasashen ƙanƙara sun fi tuna ta daga baya.

Amfanin a fili yake. Magani ya karkata ga koya wa majinyaci zama da tunanin ba tare da ya biya masa buƙata ba, har fargabar ta lafa. Masu jego ma sun sami sa'ida, domin binciken Nichole Fairbrother a Kanada ya nuna tunanin cutar da jariri ya zama ruwan dare, kuma ba a ga yana ƙara haɗarin aikatawa ba.

Sai dai darasin Wegner ya rikiɗe a bakin jama'a ya zama doka, wai kada a taɓa danne tunani. A 2023 Michael Anderson da Zulkayda Mamat na Jami'ar Kambirij suka horar da mutum 120 daga ƙasashe 16, kwana uku, kan yadda za su tsayar da tunani. Waɗanda suka danne abin da ke tsorata su damuwarsu ta ragu, ba ta kuma dawo da ƙarfi ba bayan wata uku. A ganina sakamakon biyu ba su yi karo sosai ba. Gadin zuciya dare da rana daban, ganin tunani a ƙi bin sa daban. Amma mutum 120 ba su isa a sauya magani a kansu ba, balle ba masu OCD aka zaɓo ba. Haka ma dogaro da ɗaliban jami'a, don su ne kusa da hannun malamai, rauni ne da ya daɗe yana bin fannin.

Ga mai karatu a ƙasar Hausa maganar ba baƙuwa ba ce. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya san hukuncin wanda kokwanto ya aura a salla: ana umartarsa ya yi watsi da shi. Wannan bai yi nisa da abin da likitoci ke koyarwa yau ba. Inda muke da saura shi ne gane lokacin da abin ya wuce nasiha. Ma'aunin likitoci shi ne wasuwasin ya riƙa cin fiye da awa ɗaya a rana, ko ya hana aiki da zaman gida. Wanda ya kai nan, yana maimaita alwala har lokacin salla ya fita, a raka shi ya ga likitan ƙwaƙwalwa, kada a tsaya yi masa faɗa.