Kurma a Fagen Wasa



Kun san fagen kokowa. Ɗan kokowa yana jin ganga, yana jin kirari, sai jikinsa ya tsima. To, wanda ba ya ji fa? Ina yake samo ƙarfin zuciya?

Kurame suna da babbar gasarsu ta duniya. An fara ta a birnin Pari, ƙasar Faransa, a 1924. A 2025 an yi ta a Tokiyo. Can ba a dogara da usur ko bindigar tashi. Fitila ake kunnawa, ko alƙalin wasa ya ɗaga tuta. Na'urar ƙara ji ma an hana sa ta lokacin wasa.

Ku lura da wahalar. In wasa ya yi zafi, mai horo ba ya iya kiran kurma daga gefe ya ce masa gyara nan. Sai ya shirya tun kafin ya shiga.

Ga dabarar da manyan ƴan wasa suke yi, masu ji da kurame. Mutum ya zauna, ya rufe ido, ya yi wasan cikin zuciyarsa. Ya ga fagen. Ya ga fitila ta haska. Ya ji ƙafarsa ta tunkuɗe ƙasa, ya ji numfashinsa. Har ya ga an wuce shi, ya ga yadda zai daure ya kamo. Wannan na ƙarshe, a ganina, shi ya fi amfani, don ranar gasa tsoro ba zai zo masa baƙo ba. Ba mafarki ba ne. Masana sun gano cewa in mutum ya kwatanta motsi cikin ransa, wasu sassan ƙwaƙwalwa masu aikin motsi suna aiki. Amma fa dabarar ba ta maye gurbin horo da gumi.

Akwai Terence Parkin, ɗan Afirka ta Kudu, kurma tun haihuwa. A wasannin Olamfik na 2000, a birnin Sidni, ya yi gasar iyo irin na kwaɗo, metir 200, tare da masu ji. Jama'a suna ta sowa, bai ji ko ɗaya ba. Ya zo na 2, ya karɓi lambar azurfa.