Idan Ɗan Sanda Ya Yi Kuskure a Shari'ar Tuƙi Cikin Maye

A watan Nuwamba na 2018, Kotun Ƙolin jihar New Jersey ta Amurka ta yanke hukuncin da ya jefa shakku a kan shari'o'i 20,667 na tuƙi cikin maye. Sanadin abin bai taka kara ya karya ba a ido. Wani sajan mai suna Marc Dennis, wanda aikinsa ne saita na'urorin gwajin numfashi, ya riƙa tsallake mataki guda: bai auna zafin ruwan gwajin da ma'aunin da doka ta tanada ba, amma ya sa hannu a takarda cewa ya yi. Eileen Cassidy, matar da ta kai ƙarar, ta amsa laifi tun farko saboda ta yarda da abin da na'ura ta nuna, kuma ta rasu kafin a yanke hukuncin.

Mai karatu zai iya cewa, "Ni ina ruwana? Ban taɓa kai giya baki ba." To, a yi hattara. 'Yan'uwanmu da yawa daga Ghana, Nijar da Najeriya suna can New York da wasu biranen suna tuƙin tasi da Uber, kuma dokar ba ta tsaya a kan giya ba. Maganin tari mai sa maye, ko ƙwayar barci da likita ya rubuta, duk suna iya kai mutum gaban alƙali. Shi ma direban da ya kwana a kan sitiyari, idanunsa jajir, yana iya yi wa ɗan sanda kama da mashayi.

Shari'ar irin wannan laifi kusan kacokan a kan aikin ɗan sanda take tsayuwa, shi ya sa lauyoyi ke bin sawunsa taki-taki. Tambayar farko: me ya sa ka tsayar da motar? Dole a sami dalili, kamar gudu ko tangaɗi a kan titi ko ƙetare jar danja. Idan babu, alƙali na iya zubar da duk shaidar da aka samu daga baya, bisa ƙa'idar da Kotun Ƙolin Amurka ta ɗora wa jihohi tun 1961.

Sai gwajin bakin hanya. Za a sa ka bi alƙalami da ido, ka yi taku tara a miƙe, dunduniya na taɓa yatsa, ka juyo, sannan ka ɗage ƙafa ɗaya na daƙiƙa 30. Kowanne yana da yadda ake bayaninsa da yadda ake ba da maki. Dattijo mai ciwon gwiwa, a kan tsakuwa, da dare, fitilar motar 'yan sanda na walƙiya a fuskarsa, ga shi Turancin bai gama zauna masa ba, ai sai ya faɗi ko da ruwan randa ya sha.

Na'urar numfashi ita ce gagarumar, domin mutane na yi mata kallon ba ta ƙarya. Iyakar barasa a jini da doka ta sa ita ce 0.08 a duk jihohi, ban da Utah da ta sauko 0.05. Amma mudun da aka bubbuge masa gindi ba ya cika awo, komai gaskiyar mai auna. A 2010 an gano na'urorin birnin Washington suna ƙara kusan kashi 20 cikin 100 a kan sakamako, bayan an riga an hukunta mutum wajen 400. A Massachusetts, ofishin da ke kula da na'urorin ya ɓoye takardun da ke nuna tangarɗarsu, har a 2023 kotun ƙolin jihar ta buɗe wa mutum kusan 27,000 ƙofar neman a sake duba hukuncinsu. Ko na'urar lafiya lau take, dole ɗan sanda ya sa wa mutum ido kafin ya hura, minti 15 a Kalifoniya, 20 a New Jersey, domin gyatsa ko amai na dawo da barasa baki, lambar ta yi sama. Ɗibar jini kuwa, hukunce-hukuncen Kotun Ƙolin Amurka na 2013 da 2016 sun nuna galibi sai da yardar mutum ko takardar izinin alƙali.

Kada a ɗauka kowane kuskure ne ke wanke mutum. A 2014 Kotun Ƙolin Amurka ta amince da tsayar da wata mota a North Carolina saboda mutuwar fitilar birki ɗaya, alhali dokar jihar ɗaya kawai ta buƙata. Ta ce kuskuren ɗan sandan mai ma'ana ne. Haka nan abin da ake gani a fina-finai, wai idan ba a karanta maka haƙƙinka na yin shiru ba shari'a ta rushe, ba haka yake ba. Abin da ka faɗa a tsare ne za a iya jefarwa, sauran shaidu na nan daram. Kuma a ƙasar da barasa ta yi sanadin mutuwar fiye da mutum 13,000 a kan titi a 2022, alƙalai ba sa rawar jiki wajen sakin kowa. A ganina daidai ne. Wanda ya sha ya hau mota bai cancanci tausayi ba, amma sakacin jami'i kan kuɓutar da shi, ya kuma ɗaure wanda bai ji ba bai gani ba.

Ba a gyara kuskuren ɗan sanda a bakin hanya. Gardama a can sai dai ta ƙara maka wata tuhumar, ƙin hura na'ura a ofishin 'yan sanda kuma na jawo dakatar da lasisi, a New York na aƙalla shekara guda. Ka kwantar da kai, ka riƙe lokaci da wuri da abin da aka ce ka yi, ka nemi tafinta idan kana buƙata. Kada ka yi saurin amsa laifi don kunya ko don "a wuce wurin", musamman idan takardun zamanka ba su kammala ba, domin abin na iya shafar biza. Lauya na da ikon neman bidiyon kyamarar jikin ɗan sanda da rajistar saita na'ura, idan kuma ba ka da hali kuma tuhumar na iya kai ka kurkuku, kotu za ta ba ka na gwamnati. Sai dai a gaggauta: a Kalifoniya kwana 10 kacal ake da su daga ranar kamu don neman zaman da zai hana a dakatar da lasisi.