Launin Fata da Karkatar Sha'awa a Zaɓen Abokin Zama: Misali daga Amurka

1.0 Gabatarwa

Bahaushe kan ce so gamon jini ne, wato abu ne da ke faɗa wa zuciya ba tare da lissafi ba. Amma idan aka tara zaɓen dubban mutane wuri guda aka duba, sai a tarar yana bin wasu hanyoyi da al'umma ta riga ta shata. Wannan takarda za ta duba abubuwa biyu da ke shata waɗannan hanyoyi: launin fata, da kuma ɓangaren da sha'awar mutum ta karkata. An ɗauki Amurka a matsayin misali saboda can ne doka ta daɗe tana tsoma baki a al'amarin, kuma can ne aka fi tattara alƙaluma a kansa.

1.1 Ma'anar Kalmomi

Kalmar "jinsi" tana da harshen damo a Hausa. Takan nufi namiji ko mace, takan kuma nufi asalin al'umma, kamar a "jinsin Larabawa". Don kauce wa ruɗani, a nan "jinsi" na nufin namiji ko mace kawai, "launin fata" kuwa na nufin rabe-raben da Amurkawa ke yi wa junansu: farare, baƙaƙe, ƴan asalin Asiya da sauransu. An yi amfani da "masu neman jinsinsu" ga maza masu neman maza da mata masu neman mata, domin manufar takardar bayani ce, kalmomin "luwaɗi" da "maɗigo" kuwa suna ɗauke da hukunci a cikinsu.

2.0 Abubuwa Uku da ke Tsara Zaɓe

A 1998 masanin zamantakewa ɗan ƙasar Holan, Matthijs Kalmijn, ya taƙaita dalilan da ke sa mutane auren irinsu zuwa gida uku. Na farko shi ne son ran mutum, wato siffofin da yake nema. Na biyu shi ne masu faɗa a ji, kamar iyaye da shugabannin addini da hukuma. Na uku shi ne dama, wato su wane ne mutum ke haɗuwa da su a unguwa da makaranta da wurin aiki. Wanda bai taɓa zama da wasu mutane ba, da wuya ya auri ɗayansu, ko da ba ya ƙin su.

3.0 Hannun Hukuma

A 1958 wani farar fata, Richard Loving, ya auri Mildred Jeter, mai asalin baƙar fata da na Indiyawan Amurka, a birnin Washinton. Da suka koma gida jihar Bajiniya sai aka kama su. A 1959 kotu ta yanke musu ɗaurin shekara ɗaya, ta jingine hukuncin bisa sharaɗin su bar jihar na shekara 25. Sai a 1967 Kotun Ƙoli ta soke dokokin hana irin wannan aure, waɗanda jihohi 16 ke aiki da su a lokacin.

Ra'ayin jama'a ya sauya, amma a hankali. Cibiyar Gallup ta samu cewa kashi 4 cikin 100 na Amurkawa ne suka amince da auren baƙi da fari a 1958. A 2021 adadin ya kai kashi 94. Cibiyar Pew kuma ta nuna cewa kashi 3 cikin 100 na sababbin aure ne suka haɗa launi ko ƙabila daban a 1967, a 2015 kuwa kashi 17. Ke nan akwai rata mai faɗi tsakanin amincewa da baki da abin da ake aikatawa.

4.0 Launin Fata ba ya Tafiya Shi Kaɗai

Da a ce kowa nasa kawai yake so, da maza da mata na kowace al'umma sun yi daidai wajen auren bare. Alƙaluman Pew na 2015 sun nuna akasin haka. A cikin baƙaƙen da suka yi sabon aure, kashi 24 na maza sun auri wata launi daban, mata kuwa kashi 12. A wajen ƴan asalin Asiya abin ya juya: mata kashi 36, maza kashi 21.

Shafukan haɗa masoya a intanet sun ƙara fito da wannan fili. A 2009 da 2014 kamfanin OkCupid ya wallafa yadda masu amfani da shafinsa ke auna juna, aka ga baƙaƙen mata da mazan Asiya su ne ke samun maki mafi ƙanƙanta. A tsakanin shekarun biyar, masu cewa sun fi son launinsu sun ragu, amma yadda ake ba da maki bai gyaru ba. Masana da yawa suna danganta wannan da tsofaffin siffofin da finafinai da labarai suka cusa: ana nuna namijin Asiya a matsayin marar ƙwazon maza, macen Asiya a matsayin mai ladabi da biyayya, baƙar mace kuwa a matsayin mafaɗaciya.

Wani gwaji da Raymond Fisman da abokansa suka yi da ɗaliban Jami'ar Kolombiya, aka buga a 2008, ya nuna daga inda son ran ke tasowa. An riƙa haɗa namiji da mace su yi hira ta minti huɗu, sannan kowa ya faɗi ko yana son sake ganin ɗayan. Mata sun fi maza nuna fifiko ga launinsu. Haka kuma wurin da mutum ya tashi, da irin kallon da mutanen wurin ke yi wa wasu launuka, sun yi tasiri sosai a zaɓensa.

5.0 Masu Neman Jinsinsu

A nan ne batun dama ya fi bayyana. Hukumar ƙidayar Amurka ta ba da rahoton cewa a 2022 kimanin kashi 31 cikin 100 na ma'aurata masu jinsi ɗaya sun haɗa launi daban, a ma'aurata namiji da mace kuwa kashi 19. Ana kawo dalilai uku. Na farko, ƙarancin adadi: Peter Blau ya yi bayani tun 1977 cewa gwargwadon ƙanƙantar rukuni, gwargwadon yadda mutanensa ke hulɗa da na waje. Wanda kasuwarsa ba ta da faɗi ba ya iya tsawwala sharuɗɗa. Na biyu, da yawansu suna zaune a manyan birane inda launuka suka cakuɗa. Na uku, kamar yadda Michael Rosenfeld na Jami'ar Stanford ya nuna a 2007, wanda ya yi nesa da gida yakan fita daga ikon iyaye da dangi.

Ƙarancin adadin ne kuma ya tura su intanet tun da wuri. Binciken Rosenfeld da abokansa ya samu cewa a 2017 kimanin kashi 65 na masoya masu jinsi ɗaya a intanet suka haɗu, masoya namiji da mace kuwa kashi 39.

Sai dai wannan bai nuna sun tsira daga fifita launi ba. Jennifer Lundquist da Ken-Hou Lin sun nazarci saƙonnin farare a wani babban shafi, suka wallafa a 2015 cewa mata masu neman maza su suka fi manne wa launinsu, sai maza masu neman maza. Maza masu neman mata da mata masu neman mata su suka fi sassauci. Wato masu neman namiji, ko su wane ne, sun fi masu neman mace tsanantawa. A manhajar Grindr ta maza masu neman maza, an daɗe ana ƙorafi kan masu rubuta ƙarara cewa ba sa son baƙi ko ɗan Asiya. A 2020 kamfanin ya sanar da cire maɓallin tace mutane ta launi.

6.0 Son Rai ne ko Wariya?

Masu kare wannan fifiko suna cewa ba a tilasta wa zuciya, kuma ba wanda ke da hakkin a so shi. Masu suka ba su musanta haka ba, amma suna tambayar yadda aka yi son ran miliyoyin mutane ya dace daidai da tsohon tsarin fifiko na ƙasar. Wani bincike da Denton Callander da abokansa suka yi a Ostireliya a 2015 ya samu cewa mazan da suka fi yarda da ware abokin soyayya ta launi su ne kuma suka fi nuna ra'ayin wariya a sauran al'amura.

Akwai kuma shaidar cewa fifikon yana iya motsawa. Kevin Lewis ya nuna a 2013 cewa mutane sukan ji nauyin fara aika saƙo ga wani launi, amma sukan amsa idan aka fara aiko musu, har su ma su gwada aika wa wasu, ko da yake tasirin yakan dushe bayan kamar mako guda. Wani ɓangare na abin da ake kira son rai, ashe tsoron a ƙi mutum ne.

7.0 Kammalawa

Wajibi ne a karanta waɗannan alƙaluma da lura. Na Amurka da Ostireliya ne, kuma masu amfani da shafi ɗaya ba su ne dukan jama'a ba. Kallon farko ma ba aure ba ne. Abin da za a iya ɗauka zuwa wani wuri shi ne tambayoyi uku na Kalmijn: me mutum ke so, wa ke da ta cewa, da wa yake haɗuwa. A ƙasar Hausa, inda dangi kan bincika asali da sana'ar gidan mai neman aure kafin su karɓi gaisuwa, tambaya ta biyu ita za ta fi nauyi.