Bentley Blower: tsohuwar motar da ba ta taɓa cin Le Mans ba, amma ake rububinta

A watan Yuni na shekarar 2012, a wani gwanjo da kamfanin Bonhams ya shirya a Goodwood da ke ƙasar Ingila, an sayar da wata jar mota mai kujera ɗaya tak a kan fam miliyan 5 da ɗoriya, wato sama da miliyar 4 na kuɗin sefa a lissafin lokacin. Ita dai wannan mota ba ta da rufi, kuma shekarunta sun haura 80. Sunanta Bentley Blower, kuma tarihinta ne muka ga ya dace mu kawo wa masu karatu, domin shi ne abin da masu tara tsofaffin motoci ke zuba wa kuɗi.

Sunan Blower na nufin mai hura iska. A gaban motar, ƙasa da lagireto, akwai wata na'ura da injin ke juyawa, tana cusa masa iska da fetur da ƙarfi, kamar yadda zugazugin maƙeri ke tayar da wuta. Injin mai silinda 4 ne, girmansa kusan lita 4 da rabi. Ba tare da na'urar ba yana ba da ƙarfin doki 110. Da aka ɗora masa ita sai ya kai 175, na tsere kuwa har 240.

Abin mamaki, mai kamfanin, W. O. Bentley, bai so wannan dabara ba ko kaɗan. Shi a ganinsa, idan ana neman ƙarfi sai a ƙara girman inji, kamar yadda ya yi da Speed Six mai lita 6 da rabi. Wanda ya nace shi ne direban tsere Tim Birkin. Ya ɗauko injiniya Amherst Villiers ya zana na'urar, wata attajira mai suna Dorothy Paget ta zuba kuɗi, shugaban kamfanin Woolf Barnato kuma ya amince. Da yake dokar tseren awa 24 na Le Mans a Faransa ta buƙaci a ƙera aƙalla 50 na sayarwa kafin mota ta shiga, an ƙera 55 gaba ɗaya tsakanin 1929 da 1931.

A fagen tsere, gaskiya na wajen mai kamfanin. Motar na da gudu, amma ba ta da juriya. A Le Mans na 1930, Birkin ya matsa wa Mercedes ɗin Rudolf Caracciola na Jamus lamba har ya wuce shi, taya tana saɓule masa. Mercedes ɗin ta mutu cikin dare, amma ita ma Blower ba ta kai ƙarshe ba, sai Speed Six ta Barnato da Glen Kidston ta yi nasara. A wannan shekarar, a tseren Pau, Birkin ya zo na biyu da wannan ƙatuwar mota a tsakiyar ƙananan Bugatti. Jar motar da aka yi gwanjonta kuwa, ita ce ta kafa tarihi a filin Brooklands a 1932, da gudun kilomita 222 a awa. Kafin nan kamfanin ya riga ya karye, Rolls-Royce ta saye shi a 1931. Birkin ya rasu a 1933 yana ɗan shekara 36, makonni kaɗan bayan ya ƙone a hannu wajen wani tsere a birnin Tarabulus na Libiya.

To a nan ne maganar gyara ke shigowa, kuma a nan gizo ke saƙar. Jikin mafi yawan waɗannan motoci katako ne da aka lulluɓe da wani yadi mai kama da fata. Katako na ruɓewa, yadi na yagewa, motar tsere kuma ba ta rabuwa da haɗari da canjin inji. Mai gyara na iya sake kusan komai har ta fito kamar sabuwa, amma duk ƙarfen asali da ya jefar, ya rage mata daraja. Shi ya sa mai saye ke duba lambar shasi da ta inji, ya kwatanta su da littattafan masana'anta, ya kuma bi jerin waɗanda suka mallake ta ɗaya bayan ɗaya. Akwai ma Bentley masu lita 4 da rabi da aka ɗora wa na'urar daga baya. A ido ba a rarrabe su, amma a kasuwa bambancin kuɗinsu mai yawa ne.

Lamarin ya taɓa kaiwa gaban alƙali. A 1990, wani kamfani da ya yi cinikin wata Speed Six mai laƙabin Old Number One a kan fam miliyan 10 ya janye, yana cewa an canja mata kaya da yawa har ta daina zama motar da ta ci Le Mans a 1929 da 1930. Babbar kotun Landan ta ba mai sayarwa gaskiya, bisa hujjar cewa tarihin motar bai taɓa yankewa ba, ko da an yi ta sauya sassanta. A ganinmu hukuncin ya yi daidai, tunda tun Barnato na raye aka fara yi mata waɗannan sauye-sauye.

Shi kansa kamfanin Bentley, wanda ke hannun Volkswagen tun 1998, ya shiga wannan kasuwa a 2019. Ya kwance Blower mai lamba 2, wadda Birkin ya tuƙa a Le Mans, ya auna kowane sashe da na'urar kwamfuta, ya gyara ta ya mayar, sannan ya ƙera sababbi 12 irinta sak. Ta gwaji kaɗai ta ci aikin awa 40,000 da sassa kusan 2,000. An sa wa kowace fam miliyan 1 da rabi, kuma duk an saye su tun kafin a gama ƙera su.