Uwa Da Ɗanta A Bakin Iyakar Seme

Tun zamanin fataucin goro Hausawan Agege ke da dangi a zangunan Kwatano da Lome, da Nima ta birnin Ankara. Saboda haka ba abin mamaki ba ne mace ta ɗauki ɗanta daga Ikko zuwa biki ko ta'aziyya, maigida kuwa yana kasuwa ko yana Arewa. To, a Seme ma'aikacin shige da fice na iya tsayar da ita da tambaya guda: ina shaidar cewa yaron nan nata ne?

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta yarje wa 'yan ƙasashen ƙungiyar su shiga ƙasar juna har kwana 90 ba tare da biza ba, amma da sharaɗin riƙe takardar tafiya da katin rigakafi.

Tsanantawar kuwa tana da dalili. Cikin Afrilu 2001 labarin jirgin ruwan Etireno, wanda aka zarga da safarar yara, ya jawo hankalin duniya kan Kwatano. A 2003 aka mayar da yaran Benin gida bayan an same su suna aikin fasa dutse a kewayen Abeokuta, kuma a shekarar ce Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar NAPTIP. A 2005 Nijeriya da Benin suka sa hannu kan yarjejeniyar yaƙi da fataucin mata da yara.

Al'ada ma takan ƙara rikita lamarin. Bahaushiya ba ta cika ɗaukar sunan miji ba, watau sunanta daban, na yaron daban. In ɗan fari ne, kunya kan hana ta faɗin sunansa, shi kuma ya taso yana kiranta Yaya. Ma'aikacin da bai san wannan ba sai zargi ya shige shi.

Maganin abin shi ne shiri tun daga gida: fasfon yaron, da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da wasiƙar amincewar uba mai ɗauke da sa hannunsa da lambar wayarsa. In uban ya rasu, a riƙe takardar shaidar rasuwa. In aure ya mutu, takardar kotu. Uba mai tafiya shi kaɗai da ɗa, da gwaggo mai riƙo, su ma su nemi irin wannan wasiƙa. Wadda kuwa ta bi ɓarauniyar hanya don gudun tambaya, in aka kama ta, da wuya a bambanta ta da mai safarar yara.